Rabin da ke Hannuna

Litinin, 3 ga Oktoba, da hantsi

Ta aiko. Ba ta zo da ƙafarta ba, aikowa ta yi, kamar mai neman a kai mata gawayi. Harue ce 'yar aiken, bazawarar nan mai dogon wuya da za ta gaji gidan koyar da kiɗan malaminmu in Shino ta mutu. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta tura mini kwalin alawar wake, ta ce Malama Shino tana gaida yayanta Genzo. Wai ranar shida ga watan gobe za a yi wa malamin namu, marigayi Malam Umegaki, addu'ar shekara talatin da uku. Ita ce ta ƙarshe. Daga ita ba a sake kunna turare da sunansa, ya shige cikin kakanni ke nan. Wai Malama tana roƙon in zauna kusa da ita ranar, mu kaɗa "Mai Tsaron Gada".

Na ce, "Yayanta? Yaushe ta yi yaya?"

Ta ce, "Ai kullum haka take kiranka, Malam."

Na ce, "To ki ce mata yayan ya mutu. Gawarsa kika tarar tana shan shayi."

Tokie 'yata ta bi ta har titi tana ba ta haƙuri. Alawar kuwa karen maƙwabta na ba.

Talata, 4 ga wata, da yamma

Bari in rubuta yadda abin yake, ko da rubutun nawa kamar sawun kaza ne, don kada in mutu su shirya nasu labarin.

Ina ƙaramin yaro ubana ya kai ni gidan Malam Umegaki a unguwar Shimanouchi in zama ɗan jagora, don Malam makaho ne kamar duk manyan makaɗan shamisen na da, molon nan namu mai tsirkiya uku. 'Ya'yan mutane suna makaranta, ni ina tafe da hannun tsoho a kafaɗata, ina cewa ga rami, ga matakala. Daga bayan ƙofa na sha kiɗan da kunne kafin ya yarda ya ɗora mini tsirkiya uku a cinya. Da hunturu a baranda nake koyo, cikin iska, sai yatsa ya tsage jini ya bi tsirkiya. Sai ga Shino, 'yar attajirin magunguna daga unguwar Doshomachi, makauniya, da kuyangarta, da kaskon wuta a gefenta kada ta ji sanyi. Ita ma ni na ja ta. Da Malam ya tashi mutuwa ita ya ba sunan gida da almajiran gida. Ni kuwa cewa ya yi, "Genzo yana da ido, ba zai rasa abinci ba."

Abu ɗaya ne bai ba ta duka ba. "Mai Tsaron Gada" daga wani tsohon wasan Noh aka ciro baitocinta, wasan da yanzu ba mai ɗaura fuskar itace ya taka shi. Fatalwar tsoho ce ke kira daga wannan gaɓar kogi, wata murya tana amsawa daga waccan. Shamisen biyu take ci, ɗaya kira, ɗaya amsa. Malam ya koya mini kiran, ya koya mata amsar, kowa a ɗakinsa, ya sa muka rantse ba mai ɗora yatsa a kan rabin ɗan'uwansa. Sau ɗaya muka haɗa, a gabansa, yana kwance.

Amsa ba kira, wa zai zauna ya saurara? Sai ka ce mahaukaciya tana hira ita kaɗai a tashar jirgi.

Kiran yana hannuna. A nan zai zauna.

Alhamis, 6 ga wata, da safe

Tokie ta sake sayo kwano mai santsi. Shinkafa duk a tabarma. Ta tsuguna tana tsincewa. Na ce mata macen da ta wuce arba'in ba ta iya zaɓen kwano ba, ba mamaki ba wanda ya zaɓe ta.

Asabar, 8 ga wata, da rana tsaka

Ruwa. Ba a buɗe akwatin shamisen a irin wannan danshi, fata sai ta saki. Kowa ya san wannan.

Litinin, 10 ga wata, da yamma

Tokie ta ja ni wurin likita. Yaro ne, ko gemu bai tsayar ba. Wai in matse masa yatsa, da wannan hannun, sannan da wancan. Tafiya har Umeda don in matse yatsan yaro. Abin da ya faɗa ba zan ɓata tawada a kansa ba.

A taragon dawowa Tokie tana ta kallon taga tana jan hanci. Na ce in mura take yi ta matsa can.

Laraba, 12 ga wata, da almuru

Ta zo. Da Harue riƙe da hannunta, cikin ruwa. Na ce wa Tokie ta ce ina barci. Na zauna a bayan ƙofar takarda ina jin ruwa yana dukan lemarsu, har garwashin kasko ya yi toka na ƙara wani. Ba su tafi ba. Tokie ce ta buɗe musu ba da izinina ba.

Shino ta rame. Wuyanta kamar wuyan shamisen, rigar ta yi mata yawa. Tana tari cikin hannun riga, a hankali, irin tarin 'ya'yan masu kuɗi.

"Yaya, ka tsufa," in ji ta.

"Da wane idon kika gani?"

Ta yi dariya. Har yanzu dariyar tana nan yadda take, ta hanci. "Numfashinka na ji. Da kamar doki kake numfashi."

"Faɗi abin da ya kawo ki."

Ta sa goshi a tabarma. Shugabar gidan Umegaki, goshi a tabarmata da ta sha shinkafa. Ta ce ba za ta ga wata shekarar ba, ta sani. Ta ce in ba mu haɗa yanzu ba, waƙar ta bi Malam, ba wanda zai sake jin ta cikakkiya. Harue ba ta taɓa ji ba, ba wanda ke raye ya taɓa ji sai mu biyu.

Na ce, "Ai kuna da sunan gida. Ku kaɗa sunan mana."

"Yaya, ba ni na roƙi sunan ba."

"Amma ba ki ƙi ba."

Na bar ta a sunkuye har na gama shan shayina. Sannan na ce, to, akwai sharaɗi. Shekara da shekaru ina jan ta, ga rami, ga matakala, ko sau ɗaya ba ta san nisan hanya ba. Ta koma gida, ta dawo ita kaɗai. Ba Harue, ba ɗan dako, ba mota. Da ƙafarta da sandarta, daga gidanta har ƙofata, ta haye gadojin nan duka. In ta iso sai mu yi magana.

Harue ta ce, "Haba Malam! Ko zaure ba ta taɓa fita ita kaɗai ba!"

Na ce, "Ke da wa?"

Ba za ta iya ba. Magana ta mutu.

Juma'a, 14 ga wata, da hantsi

Na kalli farcen yatsana na nuni na hagu. 'Yar hanyar da tsirkiya ta sassaƙa a bakinsa tun ina yaro ta kusa shafewa. Farce ne, girma yake yi. Ba wani abu ba ne.

Lahadi, 16 ga wata, da yamma

A gidan wanka Kamekichi mai awara ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Genzo, an ce za ku hau bargo ɗaya da tsohuwar budurwarka!"

Na ce, "Budurwar ubanka."

"Yo ni ban manta ba! Kana jan ta a titi kana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, kunnenka ja wur. Mu muna binku muna fito."

Tsofaffin banza suka yi ta ƙyaƙyata, haƙora ba su kai goma ba a cikin ruwan gaba ɗaya. Na ce masa awararsa ruwa ce zalla, shi ya sa matarsa ta gudu da mai kifi. Ya daina dariya. Da na tashi fita ya miƙo hannu wai zai taya ni ɗaure ɗamara. Na buge hannun. Wa ya ce masa ina neman taimako?

Laraba, 19 ga wata, da la'asar sakaliya

Ta iso.

Tun safe ta fito, in ji ta. Taɓo har gwiwa. Takalmin katakonta ɗaya igiyarsa ta tsinke, tana riƙe da shi a hannu. Goshinta ya fashe a gefe, jini ya bushe cikin gira, wai keke ne a bakin gadar Nipponbashi. Tokie ta yi ihu ta ruga neman ruwan zafi. Ita kuwa ta tsaya a ƙofa tana haki, tana murmushi kamar yarinyar da ta ci gasa.

"Yaya, ashe da nisa."

Ban ce ta shigo ba sai da ta faɗa sau biyu.

Na ƙara mata sharuɗɗa. Ni zan zauna a wurin manya, ita a ƙasa da ni, a gaban almajiranta. Sunana za a fara kira. Kuma ba gwaji, ko sau ɗaya. Ranar za mu haɗu a kan bargon da ake zama a kaɗa, wanda ya manta rabinsa ya ji kunya shi kaɗai.

Harue da a ce tana nan da ta yi gardama. Shino ta ce, "To."

"Ba gwaji fa na ce."

"Na ji, Yaya. To."

Tokie tana goge mata goshi, tana hararata ta saman kanta. Da Shino za ta tafi na hana a kira mata mota. Tokie ta kira duk da haka, da kuɗin cefanenta.

Na ɗauka za ta ƙi. Duk mai hankali zai ƙi.

Alhamis, 20 ga wata, da sassafe

Wa ya ce ta ce to?

Asabar, 22 ga wata, da hantsi

Na aiki Tokie kasuwar Kuromon, mai nisa, na buɗe akwatin. Fata lafiya lau. Na sa sabbin tsirkiyoyi. Makaɗin hauren giwa ya zauna a damana kamar jiya na ajiye shi.

Farkon waƙar a hankali yake tafiya, murya ce ke ɗauke da shi. Wannan ba matsala.

Tsirkiyoyin yanzu ba su da kyau. Tun bayan yaƙi ba a sake yin siliki na kirki ba.

Litinin, 24 ga wata, da rana

Tsirkiyoyin ne.

Talata, 25 ga wata, da yamma

Ashe Tokie da na aika ba ta je ko'ina ba, tana tsaye a kicin tana jin yadda nake fama da tsirkiya. Ta shigo ta durƙusa.

"Baba, bari in je in gaya wa Malama Shino."

"Ki gaya mata me?"

"Baba, ka san me."

"Faɗi mana. Buɗe baki ki faɗa."

Ba ta iya ba. Ta ce ai ba abin kunya ba ne, ai za ta gane, ai za ka iya rera wa Harue ta ɗauka a hankali, a bar maka sunanka a kai. Ka ji! In ɗauki abu ɗaya da Malam ya ba ni, in zuba a kunnen mai dogon wuya, su haɗa da sunan gida su cika kayansu. Sannan a riƙa cewa, kai, tsoho Genzo abin tausayi, a kai masa alawa.

Na ce mata in ta taka ƙofar gidan Shino, ta wuce daga can, kada ta dawo. Na ce uwarta ma da ta fi ta kyau ba ta taɓa sa baki a kiɗana ba. Ta tashi ta ɗora miya. Gishiri ya yi yawa, na faɗa mata.

Juma'a, 28 ga wata, da safe

An kawo takardar gayyata. Tokie ta karanta mini manyan haruffan da ban sani ba. Sunana ne a sama. Sun yi shi da baƙi ƙirin, ya fi nata kauri. Don su ƙure ni ne.

Litinin, 31 ga wata, da yamma

Hannun hagun nan, na jiƙa shi a ruwan zafi. Na ɗaure shi. Na sa an ƙona masa ganye a wuyan hannu har fata ta tashi. Na buga shi da ginshiƙi.

Alhamis, 3 ga Nuwamba

Zan iya cewa zazzaɓi. Sai su ce Genzo ya tsorata. Ba zan ba su wannan ba.

Asabar, 5 ga wata, da almuru

Tokie ta goge baƙar rigar mai tambarin gida ta rataye. Ta tsaya tana kallonta kamar wadda za a sa wa gawa.

Litinin, 7 ga wata, da hantsi

Jiya ne. Zan rubuta duka, yadda ya faru, ba yadda za su faɗa ba.

Zauren haikalin ya cika. Almajiranta, matan attajirai, tsofaffin da na ɗauka sun daɗe da mutuwa, har Kamekichi a can baya cikin rigar aro. Aka yi karatu, aka kunna turare a gaban allon sunan Malam, yara suka kaɗa nasu da koto mai tsirkiyoyi da yawa da sarewa. Sannan aka shimfiɗa jan bargo, matashi biyu. Aka kira sunana tukuna. Na zauna a wurin manya. Harue ta kawo Shino ta zaunar a ƙasa da ni, tabon keken yana nan a goshinta, hoda ba ta rufe shi ba.

Ta karkato ta ce a hankali, "Yaya, kada ka yi sauri, na tsufa."

Na ja numfashi, na ba da alama, muka shiga.

Muryata tana nan. Wannan kowa ya ji, ba mai iya ƙaryata shi. Da na rera wurin da tsohon ke cewa ya ga fitila a waccan gaɓa, wata mata a gaba ta sa hannun riga a ido. Muryar Shino ta shigo ƙarƙashin tawa ta zauna daidai, kamar ba a taɓa raba su ba. Ba zan ce komai a kan wannan ba.

Sai waƙa ta ƙare, aka zo tsakiya, inda murya ke yin shiru tsirkiyoyi su yi ta jifan juna, kira, amsa, kira, amsa, yatsun hagu suna gudu sama da ƙasa a wuyan shamisen. Ni ne mai farawa.

Na ajiye makaɗin a kan bargo. Ba faɗuwa ya yi ba. Ajiye shi na yi, da ƙarfi, har ya yi ƙara. Na zura hannuwana biyu cikin hannun riga, na ɗaga kai ina kallon rufi. Kowa ya ga da gangan na yi. Na tabbatar kowa ya gani.

Ita ba ta gani ba. Tana zaune, makaɗi a sama, kunne a karkace wajena, tana jira. Zaure tsit. Wani ya yi tari. Na ji Harue ta ce "Malam" ta cikin haƙora. Na ji wata tsohuwa ta ce, "Mugu, a gaban malaminsa." Madalla. Haka nake so a ce.

Ta jira har jiran ya zama abin kunya. Na ce a raina, to, 'yar attajiri, yau ki ji yadda ake tsayuwa a baranda.

Sai ta buɗe baki.

Da kiɗan baki, irin wanda ake koya wa yara kafin a ba su tsirkiya. "Tsun, ten, ton, tsu-tsun." Kirana. Nawa. Ta faɗe shi da baki, ta amsa da tsirkiya. Ta sake faɗa, ta sake amsawa. Ba ta ɗora yatsa a kansa ba, don haka wai ba ta karya rantsuwa ba, ka ji wayon 'ya'yan 'yan kasuwa. Tun daga farko har ƙarshe, da muryar nan tata da tari ya cinye, tana kira tana amsa wa kanta, gumi yana bin tabon. Har inda nake jan tsirkiya in ɗan yi jinkiri, wanda ba Malam ya koya mini ba, ni na ƙirƙira, har shi ta yi.

Ta bangon takarda ta sace shi. Ina baranda ina zubar da jini, ita tana ciki kusa da wuta tana kwasa da kunne. Tun muna yara yana cikin kanta. Duk shekarun nan da nake zaune a kansa kamar kaza a kan ƙwai.

Da ta kai inda murya ke dawowa, ta tsaya, ta juyo da fuska wajena. Baitin ƙarshe na tsohon ne. Ban rera ba. Ta rera.

Ba wanda ya motsa. Harue tana kuka, leɓunanta suna bin abin da ta ji, tana haɗiye shi a gabana. Da aka ɗaga Shino sai ƙafafunta suka ƙi, mutum biyu suka ɗauke ta. Da suka zo wucewa ta gabana ta ce, "Na gode da ka zauna, Yaya."

Ɓarauniya.

Talata, 8 ga wata, da rana

Tokie ta ce, "Baba, in dai ta san kiran tun da, to ba kiɗan ne ya sa ta haye gadojin nan ita kaɗai ba."

Na ce ta tafi ta wanke kwanoninta.

Alhamis, 10 ga wata, da safe

Akwai wuri ɗaya. Dab da ƙarshen tsakiyar, inda tsohon ke kira na ƙarshe. A nan yatsa ba ya sauka, hawa yake yi, ya tsaya a sama ya bar tsirkiya tana rawa, kamar mai ɗaga murya don ya ga an fara juya masa baya. Malam a kunne ya raɗa mini shi, bayan haɗawar nan tamu a gabansa, yana riƙe da yatsana, bango bai ji ba. Ita ta sauka. Duk waƙar don wannan hawan aka yi ta. In babu shi, tsoho ne kawai yake surutu a bakin ruwa.

Tun ranar nake jin saukar nan tata a kaina.

Lahadi, 13 ga wata, da yamma

Harue ta zo, ba alawa. Idonta a kumbure. Ta ce Malama ba ta tashi ba tun ranar, ruwa kawai take karɓa, da cokali. Ta ce ita ta ɗauke kiran duka daga bakin Malama, tana maimaitawa safe da yamma, shi za ta koya wa na bayanta. Amma Malama ta kasa samun natsuwa. Ta ce a zo a tambayi Yaya, shi ne mai abin: akwai inda ta kauce? Ko wuri ɗaya ne ya faɗa, a gyara tun tana ji.

Tokie tana tsaye a bakin kicin da tsumma a hannu. Ta ji ni kwanakin nan ina rera wurin ni kaɗai, ina hawa. Ta zuba mini ido.

Harue ta sa goshi a tabarma. "Malam, don darajar Malam Umegaki."

Na kurɓi shayi. Da hannun dama na riƙe kofin.

Na ce, "Babu. Ki ce mata daidai ta yi."